Yadda Ake Koyon Darasin Kwamfuta a Sakandare har a Ci Furaktikal

Akwai ɗalibin da zai karanto maka ma'anar kwamfuta da ka, ya jero maka zamunanta ɗaya bayan ɗaya bai yi tuntuɓe ba, amma ranar furaktikal a zaunar da shi gaban na'ura ya kwashe minti ashirin yana laluben inda aikinsa ya shige bayan ya adana shi. Ba laifinsa ba ne kacokan. A makarantu da yawa ɗakin kwamfuta a kulle yake wuni, ko na'ura goma ce ga aji mai ɗalibai tamanin, ko kuma a ce babu man janareta. Sai darasin ya koma kwafar rubutu daga allo zuwa littafi. Ita kuwa jarrabawa ba ta karɓar wannan uzuri.

A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi a darasin Computer Studies takarda uku ake rubutawa. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya, maki 25. Ta biyu tambayoyi biyar ne a amsa uku, ita ma awa ɗaya, maki 30. Ta uku ita ce furaktikal, awa biyu, maki 45. Kusan rabin makin kenan yana hannun yatsunka. Tun farkon zango ka nemi malaminku ya ba ka manhajar karatu ta shekarar da za ka zana, domin akan yi mata gyara, kuma ka tabbatar da wanne aka yi maka rajista, don Data Processing darasi ne daban mai tsarinsa. Ka kwafe batutuwan a shafin farko na littafinka, duk wanda ka yi da hannunka har ya fita daidai ka sa masa alama. Wanda ka karanta kawai, bar shi babu alama.

Fara da yatsu

Mai buga rubutu da yatsa ɗaya yana farautar haruffa ba zai gama tambaya uku cikin awa biyu ba, ko da ya san abin da ake so. Saboda haka kibod ne darasin farko. Ɗora yatsun hagu huɗu a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da maɓallin da ke bin L, manyan yatsu biyu kuma a kan dogon maɓallin bayar da tazara. Shafa F da J za ka ji ɗan tudu ƙarami a kan kowannensu. An yi shi ne don yatsan nuni ya gane gidansa ba tare da ido ya sauka ba. Kowane yatsa ya je ya bugi harafinsa ya dawo gida.

Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Asabar, domin hannu da maimaici yake koyo. Makonni biyu na farko za ka ga kamar baya kake yi, gudunka ya ragu fiye da lokacin da kake da yatsa ɗaya. A nan yawanci ake sarewa. Ka daure, kada ka kalli hannunka, ko da sai ka rufe shi da hankici. Idan ka kai kalma ashirin zuwa ashirin da biyar a minti ɗaya ba tare da kurakurai masu yawa ba, ka isa furaktikal ɗin sakandare. Wannan sabon zai sake yi maka rana a JAMB, wadda tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta.

Idan babu kwamfuta a gida

Hanya mafi arha ita ce wayar Android da ke gidanku. Sayi kibod mai waya irin ta USB, da ƙaramin mahaɗi da ake kira OTG wanda bakinsa ya dace da wurin cajin wayar. Haɗa su, jingina wayar da littafi, ka buɗe WPS Office ko Google Sheets. Ka samu wurin koyon bugu, wurin gwada fomulolin Excel, har da gajerun hanyoyi irin su Ctrl da C. Wasu wayoyin sai an shiga saiti an kunna OTG kafin su ga kibod ɗin, wasu kuma sukan kashe shi da kansu idan an daɗe ba a taɓa ba, sai a sake kunnawa. Waya ba za ta maye gurbin kwamfuta ba, domin Access da CorelDRAW ba sa tafiya a kanta, kuma wuraren da umarni suke a Word na waya sun bambanta da na kwamfuta. Amma da babu gara ba daɗi.

Don sauran, ku haɗu ku uku ku biya kuɗin awa ɗaya a shagon kwamfuta, amma ku je da aikinku a rubuce a takarda tun daga gida. Kowa minti ashirin, ɗaya yana bugu, biyu suna kallo suna riƙe da agogo. Ƙa'ida guda ce ba a karya ta: mai kallo ba ya karɓe linzami daga hannun mai aiki. Ya faɗa da baki, mai aiki ya nemo da kansa. Gwanin da ke cewa "kawo in yi maka" shi ne ke hana abokinsa koyo.

Iyayen da suke da halin sayen laftof ta hannu, ko a Farm Centre ta Kano ko a wata kasuwa, ba sa buƙatar mai tsada. Core i5 mai RAM gigabait 8 da ma'ajiya irin ta SSD ta wadatar da duk aikin sakandare. Kafin a biya kuɗi a cire caja a bar ta a kunne rabin awa a ga yadda batir ke sauka, a buɗe Notepad a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, a soka fulash a kowace kafa, a kuma buɗe farin shafi a duba ko akwai tabo ko layi a gilashi.

Lissafin tushe biyu: wannan fensir kawai yake so

Babban ɓangare na darasin ba ya buƙatar wuta ko na'ura, kuma a nan ake zubar da maki mafi sauƙin samu. Kwamfuta da alama biyu take ƙirga, 0 da 1, saboda hanyar lantarki ko a kunne take ko a kashe. Don mayar da 37 zuwa tushe biyu, yi ta rabawa da 2 kana rubuta ragowa a gefe. 37 a raba biyu 18 ne saura 1. 18 ya ba da 9 saura 0. 9 ya ba da 4 saura 1. 4 ya ba da 2 saura 0. 2 ya ba da 1 saura 0. 1 ya ba da 0 saura 1. Karanta ragowar daga ƙasa zuwa sama: 100101.

Kuskure biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko, tsayawa da zarar an kai 1 a manta da rubuta shi, sai lamba ta ƙarshe ta ɓace. Na biyu, karantawa daga sama zuwa ƙasa, wanda zai ba ka 101001, wato 41. Abin da ke sa wannan kuskure ya daɗe a hannun ɗalibi shi ne wasu lambobin suna ɓoye shi. 45 a tushe biyu 101101 ne, ta ko'ina ka karanta iri ɗaya ne, sai mutum ya ɗauka ya iya. Maganinsa shi ne tantance kowace amsa. Rubuta 1, 2, 4, 8, 16, 32 daga dama zuwa hagu a saman lambobin, ka tara waɗanda ke kan 1. A 100101 za ka sami 32 da 4 da 1, jimla 37. Daƙiƙa goma ce, kuma ba za ka taɓa miƙa amsar da ba daidai ba.

Tushe 8 da tushe 16 sun fi sauƙi idan ka bi ta tushe biyu. Ɗauki 11010110. Don tushe 16, kasa shi huɗu-huɗu daga dama: 1101 da 0110. Na farko 13 ne, wanda ake rubutawa D, tunda A ce 10 har zuwa F da take 15. Na biyu 6 ne. Amsa D6. Don tushe 8, kasa shi uku-uku, nan ma daga dama: 11, 010, 110, ka cike na farkon da sifili ya zama 011. Amsa 326. Dukansu 214 ne a ƙirgenmu na yau da kullum. Wanda ya fara kasawa daga hagu amsarsa ta lalace tun daga matakin farko.

A wajen tarawa, abin riƙewa shi ne 1 da 1 suna ba da 0 a ɗauki 1, sannan 1 da 1 da 1 suna ba da 1 a ɗauki 1. Gwada 1011 da 111, ya kamata ka sami 10010, wato 11 da 7 sun ba da 18.

Ma'aunin bayanai kuma: bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya, bit takwas ne bait ɗaya, bait 1,024 ne kilobait, haka ake ninkawa zuwa megabait da gigabait. Wannan ne ya sa fulash da aka rubuta wa 16GB yake nuna wajen 14.9 a Windows. Kamfani da 1,000 ya ƙirga, Windows kuwa da 1,024, ba wai an yi maka ƙwange ba.

Ƙofofin AND, OR da sauransu

Ƙofa a nan da'irar lantarki ce da ke karɓar 0 ko 1 ta fitar da 0 ko 1. Kada ka haddace teburansu, ka fahimce su. Shagon da abokan ciniki biyu suka sa wa kwaɗo biyu, kowa da mukullinsa, ba ya buɗuwa sai dukansu sun zo: wannan AND ce, tana ba da 1 ne kawai idan duk abin da ya shiga 1 ne. Kwaɗo ɗaya mai mukulli biyu, duk wanda ya zo a cikinsu zai buɗe: wannan OR ce. NOT juya abu take yi, 1 ya koma 0. NAND da NOR, yi AND ko OR tukuna sannan ka juya amsar, kuma a zane ƙaramin da'irar da ke bakin ƙofa shi ne alamar juyawa. Ɗalibai da yawa sukan manta da wannan ɗan da'ira, sai zanen NAND ya koma AND, maki ya tafi. XOR tana ba da 1 ne idan abubuwa biyun sun saɓa, kamar fitilar bene mai makunni biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Wajen zana tebur, abu biyu masu shiga suna buƙatar layi huɗu, uku suna buƙatar takwas. Jera su kamar kana ƙirga a tushe biyu, 000, 001, 010, 011, har zuwa 111, ba za ka tsallake ko ɗaya ba. Idan an haɗa ƙofofi da yawa a zane ɗaya, ka ba kowace ƙofa layinta na tsaye a tebur. Masu ƙoƙarin lissafa amsar ƙarshe a ka su ne suke ruɗewa.

Rubuta shiri, da bin sawunsa a takarda

Kalmar algoridim daga sunan Al-Khwarizmi ta fito, malamin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ma'anarta matakai a jere waɗanda idan an bi su za a kai ga amsa. Harshen da manhajar sakandare ta daɗe tana koyarwa shi ne BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964 domin masu koyo. Tsohon QBasic, manhajar da ake rubuta BASIC a cikinta, ba ya tashi kai tsaye a kan Windows na zamani mai bit 64, don haka a sauke QB64, kyauta ne kuma yana karɓar umarni iri ɗaya.

Ga shirin da ke fitar da matsakaicin maki uku:

10 INPUT A, B, C
20 LET T = A + B + C
30 LET M = T / 3
40 PRINT M
50 END

Saka 60, 75, 90, zai ba ka 75. Yanzu a ce ka so taƙaitawa ka rubuta M = A + B + C / 3 a layi ɗaya. Amsa za ta fito 165, domin kwamfuta tana yin rabawa kafin tarawa, sai ta raba 90 kaɗai da 3 ta ƙara a kan 60 da 75. Ba za ta yi maka ƙorafi ba, tunda nahawun umarnin daidai yake. Wannan shi ne kuskuren tunani, kuma ya fi kuskuren nahawu haɗari. Idan ka rubuta PRNT a maimakon PRINT na'ura za ta tsaya ta nuna maka layin, amma 165 za ta miƙo maka shiru kamar gaskiya. Shi ya sa kafin ka gwada kowane shiri, ka fara lissafa amsar da hannu da lambobi masu sauƙi.

Maimaitawa ita ce inda ake rarrabe wanda ya gane da wanda ya haddace:

10 LET S = 0
20 FOR K = 1 TO 5
30 LET S = S + K
40 NEXT K
50 PRINT S
60 END

Layi na 30 yana ɗaure wa masu lissafi kai, domin a lissafi S ba zai yi daidai da S da ƙari ba. A nan alamar tana nufin "ɗauki abin da ke cikin S, ƙara K, mayar da sabon cikin S". Ɗauki S kamar asusu ne da ake jefa kuɗi. Zana tebur mai gida biyu, K da S, ka bi layi-layi kamar kai ne na'urar: K na 1, S ya zama 1. K na 2, S ya zama 3. Sai 6, sai 10, sai 15. Yanzu ka matsar da LET S = 0 ya koma ƙarƙashin FOR, ka sake bin sawu. Za ka ga ana zazzage asusun a kowane zagaye, amsa ta tsaya a 5. Haka kuma idan PRINT S ya shiga sama da NEXT K, lambobi biyar za su fito maimakon ɗaya. Tambayoyin "mene ne wannan shiri zai fitar" da irin wannan tebur ake cin su, kuma ana iya yin goma a rana a ƙarƙashin bishiya ba wuta ba na'ura.

Ƙaramin abu da ke kayar da mutane: gurbin da zai riƙe suna sai an sa masa alamar dala, kamar N$. Idan ka rubuta INPUT N sannan ka buga suna, QBasic zai ce maka "Redo from start", domin lamba yake jira. Wanda ya ƙware a wannan kuma yana son wucewa gaba, ya sa Pydroid 3 a waya ya maimaita shirye-shiryen nan da Python. Tunanin ɗaya ne, lafazi ne ya bambanta.

Excel: gina takardar sakamakon ajinku

Babu aikin gwaji da ya kai wannan, domin kusan duk abin da ake tambaya yana cikinsa. Layin kwance na farko na kanun bayani ne. A layin tsaye na A sa sunaye arba'in na ƙirƙira, daga A2 zuwa A41. B da C gwaji na ɗaya da na biyu, D jarrabawa, E jimla. A gidan E2 rubuta =SUM(B2:D2). Kowace fomula da alamar daidai take farawa, idan ka manta da ita Excel zai ɗauka rubutu ne ya ajiye maka shi yadda yake. Kama ɗan murabba'in da ke kusurwar gidan ta ƙasa a dama ka ja har E41, fomular za ta bi kowane layi tana sauya lambarsa da kanta.

Kada ka lissafa jimla da kalkuleta ka buga lambar. A takarda za ta yi kama da daidai, amma mai dubawa yana iya neman ganin fomula, kuma da an sauya maki ɗaya jimlarka ta zama ƙarya.

Wannan sauyawa da fomula ke yi da kanta ita ce kuma tarko. Don fitar da matsayi, wato na ɗaya, na biyu, na uku, idan ka rubuta =RANK(E2,E2:E41) ka ja ƙasa, a layi na gaba za ta koma E3:E42, sannan E4:E43. Kowane ɗalibi ana auna shi da waɗanda ke ƙasansa kaɗai, har na ƙarshe a jeri ya fito na ɗaya komai ƙarancin makinsa. Gyaran shi ne ɗaure iyakar da alamar dala: =RANK(E2,$E$2:$E$41). Danna F4 bayan ka zaɓi iyakar, zai saka alamomin da kansa. E2 na farko a bar shi sake, don shi ake so ya riƙa sauka.

Don hukunci, =IF(E2>=50,"Ya ci","Ya faɗi"). Idan za ka jera darajojin maki, fara daga mafi girma: a tambayi 75 tukuna, sannan 70, sannan 65. Wanda ya fara da 50, duk mai 90 zai tsaya a sharaɗin farko ya sami ƙaramin daraja, domin Excel yana tsayawa ne a sharaɗin da ya fara cika.

Saƙonnin kuskure kowanne da abin da yake faɗa maka. Jerin ##### yana nufin gidan ya yi wa lambar kaɗan, faɗaɗa shi kawai. #DIV/0! an raba da sifili ko da gidan da ba komai. #NAME? an yi kuskuren rubuta sunan fomula, ko an manta alamar zance a kan rubutu. #VALUE! an haɗa lissafi da rubutu, sau da yawa saboda an buga harafin O a wurin sifili. Duba yadda abu ya zauna a gida: lamba dama take jingina, rubutu hagu. Idan makinka ya jingina hagu, Excel bai ɗauke shi lamba ba, kuma SUM zai tsallake shi ba tare da ya ce uffan ba. Lambar waya kuwa, da ka buga 080 sifilin farko zai ɓace. Sa alamar ' a gabanta, ko ka mayar da gidan na rubutu kafin ka fara.

Word da Access

A Word, abin da ya fi tona asirin wanda bai saba ba shi ne tura kan magana tsakiya da dogon maɓalli, da danna Enter sau goma sha don a kai sabon shafi. Da an sauya girman rubutu komai ya wargaje. Ctrl da E ne ke kai rubutu tsakiya, Ctrl da J ya daidaita gefe biyu, Ctrl da Enter ya buɗe sabon shafi. Ctrl da Z kuma yana janye kuskuren da ka yi yanzu, don haka idan rubutu ya ɓace kada ka firgita ka fara daga farko. Koyi saka tebur, da rubutu a sama da ƙasan shafi, domin a ƙasan shafi aka fi neman ka sa cikakken sunanka da lambar jarrabawarka. Duba girman takarda kafin bugawa: Word kan zo a kan Letter, takardar da muke amfani da ita kuwa A4 ce, milimita 210 da 297, kuma saɓanin kan sa tsarin shafi ya goce ko firinta ta tsaya tana jira.

A Access, manhajar adana bayanai a tebur, tambayar da ake yawan faɗuwa ita ce zaɓen babban mabuɗi, wato gurbin da ba zai taɓa maimaituwa ba. Suna ba zai yi ba, don aji ɗaya na iya samun Abubakar Musa uku. Lambar shiga makaranta ita ce daidai. Lambar waya a ba ta nau'in rubutu, tunda ba a lissafi da ita kuma ana son sifilinta.

Tarihi da ma'anoni

Wannan ɓangare hadda yake so, amma a tsara ta. Shafi ɗaya ya isa: na'urar Pascal a 1642, injin Charles Babbage a ƙarni na 19, katunan Herman Hollerith masu huji da aka yi ƙidayar Amurka ta 1890 da su, kwamfutar ENIAC mai ƙwayayen gilashi (vacuum tubes) wajen 18,000. Zamunan kwamfuta kuma da abin da aka gina su ake rarrabe su: ƙwan gilashi, sai tiransista, sai haɗaɗɗiyar da'ira, sai ƙaramar ƙwaƙwalwa irin Intel 4004 ta 1971. Idan an ce ka bambanta abu biyu, kamar RAM da ROM, zana tebur ka sa kowane bambanci daura da kishiyarsa. Wanda ya rubuta bayanin ɗaya kawai ya bar ɗayan bai bambanta komai ba.

Wuta, ƙura da fulash

Bambancin RAM da ma'ajiya ba a littafi yake zama a kai ba sai ranar da NEPA ta ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Duk abin da ba ka adana ba yana cikin RAM ne, kuma RAM ba ta riƙe komai idan wuta ta yanke. Don haka ka ba fayil suna ka adana shi kafin ka buga kalma ta farko, sannan ka riƙa danna Ctrl da S bayan kowane mataki har ya zame maka jiki. Lokacin adanawa ka karanta sunan foldar da ke saman akwatin, kada ka danna kawai. Idan UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, ya fara kuka, mintuna kaɗan gare ka: adana, kashe na'ura ta hanyar da ta dace. A zare filogi kafin wuta ta dawo ko kafin a juya zuwa janareta, domin tashin farko na wuta shi ke ƙona caja da akwatin wutar kwamfuta.

Lokacin hunturu ƙura na toshe fanka, sai laftof ta yi zafi ta mutu da kanta. A rufe na'ura da ƙyalle idan ta huce, kuma kada a ɗora laftof a kan katifa ko filo, ta ƙasa take shaƙar iska.

Fulash da ya zaga shaguna yakan dawo da cutar da ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna waɗannan gajerun hanyoyi, ta nan cutar ke shiga na'ura. A fara wanke fulash ɗin da manhajar kariya, sannan a buɗe cmd, wato baƙin akwatin rubuta umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* idan harafin fulash ɗin E ne. Foldojin za su bayyana, a kwashe su, a goge fulash ɗin gaba ɗaya.

Ranar furaktikal

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata guda kafin jarrabawa ka ɗauki tambayoyin shekarun baya ka yi su da agogo, awa biyu cif, har da bugawa a takarda, kuma a kan irin Office ɗin da ke ɗakin makarantarku, don wuraren umarni sun ɗan bambanta daga wani zuwa wani.

Da ka zauna, kafin a fara ƙirga lokaci, gwada linzami da kibod, ka duba fitilar Caps Lock da ta Num Lock. Idan wani abu ba ya aiki ɗaga hannu nan take, kada ka jira sai an yi nisa. Karanta tambayoyin uku duka, ka buɗe folda a inda aka ce da sunan da aka ce, harafi da harafi. Fara da wadda ka fi iyawa, ka ba kowace tambaya wajen minti talatin da biyar, ragowar minti goma sha biyar na dubawa da bugawa ne, domin firinta ɗaya ce yawanci ga ɗaki guda kuma layi kan yi tsawo a ƙarshe. Danna Ctrl da P ka kalli yadda shafin zai fito kafin ka tura. Idan teburin Excel ya tsallaka shafi na biyu, kwantar da takardar ko ka zaɓi a matse shi a shafi ɗaya. Idan takardunka sun fito, ƙirga su, ka tabbatar sunanka da lambarka suna jikin kowacce kafin ka miƙa wa mai sa ido.